Wajen Wa Za Mu Kai Kuka a Kan Tsaunin Mambilla?

Ɗan Gembu:
Assalamu alaikum 'yan zaure. Tambaya gare ni, kuma don Allah a amsa ta da ilimi, kada a ja ta zuwa jam'iyya. A nan ƙaramar hukumar Sardauna ta jihar Taraba, idan gada ta karye, ko iska ta yaye rufin aji, ko magani ya ƙare a asibitin ƙauye, wajen wa ya kamata mu kai kuka? Abin da muka saba ji shi ne wannan na jiha ne, wancan na tarayya ne, wannan kuma sai an jira Jalingo. Ni dai ina son in san mene ne namu na nan Gembu, mene ne na jiha, mene ne na Abuja. Akwai manya da masana a zauren nan, a taimaka mana.

Ɗalibin Lauya:
Wa alaikumus salam, Yaya. A rubuce yake. Tsarin mulkin 1999 yana da jadawali na huɗu, nan aka jera ayyukan ƙaramar hukuma. Kasuwa, tashar mota, mayanka, maƙabarta, kwashe shara, magudanan ruwa, ƙananan hanyoyi, sanya wa titi suna da ba gidaje lamba, lasisin keke da amalanke da baro da kwale-kwale, duk nata ne. Sai kuma abubuwa uku da aka ce za ta sa hannu tare da gwamnatin jiha: ilimin firamare, kiwon lafiya, da bunƙasa noma. Ka lura da waɗannan ukun, domin ba a ce nata ne ita kaɗai ba, kuma ba a ce na jiha ne ita kaɗai ba. Yawancin kukan da ka lissafa a cikinsu yake. 'Yan sanda, soja, kwastan, shige da fice da ma'adinai kuwa na tarayya ne, babu hannun kowa.

Direban Hawa:
To ni ku gaya mini na hanya. Daga Jalingo zuwa Bali, Serti, Mayo Selbe, ka hau dutse ka fito Maisamari, Nguroje har Gembu, ta waye?

Ɗalibin Lauya:
Ta tarayya ce, Malam.

Direban Hawa:
Haka muke ji. To amma ranar da ƙasa ta zaftaro a hawan Biyu da Sisi, ko tirela ta kwanta a kwana ta tare hanya, mu direbobi ne da 'yan ƙauyen gefen nan muke fita da shebur da diga. A shimfiɗa hula, kowa ya jefa abin da ya sawwaƙa, a sayo wa masu haƙa abinci. Mota ta baya ta ba da igiya, ta gaba ta ba da jak. Fasinja su sauko su tsaya cikin hazo, mata sun lulluɓe jarirai da zani biyu, sanyi na kaɗa su. Hanyar mota ɗaya ce tal take hawa tsaunin nan daga ɓangaren Najeriya. In ta toshe, fetur ya tashi a Gembu kafin gari ya waye, fiya da ayaba da dankali su ruɓe a bayan mota. Mai hanya yana Abuja, bai ma ji labari ba.

Tsohon Akawu:
Assalamu alaikum. Na yi aiki a ofishin kuɗi na ƙaramar hukuma har na yi ritaya, bari in ɗan sa baki. Abin da yaron nan ya kawo daga doka gaskiya ne, amma doka ta faɗi aiki ne kawai. Ku bi sawun kuɗi, za ku fi gane inda iko yake.

Duk wata ana raba abin da ya shiga asusun tarayya. Tarayya ta ɗauki kashi 52.68 cikin ɗari, jihohi 26.72, ƙananan hukumomi 774 su raba 20.60. To sashe na 162 ya ce kowace jiha ta buɗe asusun haɗin gwiwa, kuɗin ƙananan hukumomi ya fara sauka can. Daga can ake cire albashin malaman firamare, a cire fansho, a cire kason masarautu, a cire na horar da ma'aikata, a cire na ayyukan da ake kira na haɗin gwiwa. Abin da ya rage shi ne yake hawa dutse. Sau da yawa in ka biya albashin ma'aikatan sakateriya, abin da ke hannunka ba zai yi kwalbati biyu masu kyau ba. Ba ina wanke kowa ba ne, an yi ɓarna a ƙasa kamar yadda aka yi a sama. Amma mutum ya san cewa ciyaman da kuke gani a mota da jiniya, wani watan shi ma jira yake.

Wani abu kuma da mutane ba su sani ba: babban ma'aikaci, daga mataki na 07 zuwa sama, ba ciyaman ne ke ɗaukarsa ko canza masa wurin aiki ko hukunta shi ba. Hukumar kula da ma'aikatan ƙananan hukumomi ce, ita kuwa tana babban birnin jiha. Ma'aikaci ya ƙi zama a ƙauyen da aka tura shi, iyakacin abin da za ka yi ka rubuta takarda.

Ɗan Gembu:
Allah ya ƙara lafiya, Baba. To wajen rabon, ana duba cewa mu a kan dutse muke? Buhun siminti da ake saya a Jalingo, kafin ya iso Dorofi ko Mayo Ndaga kuɗin mota ya kusa cinye shi.

Tsohon Akawu:
Ana dubawa, ɗana, amma kaɗan. Tsarin mulki ya ambaci faɗin ƙasa da yanayinta cikin abubuwan da za a yi la'akari da su. A lissafin da ake amfani da shi, kashi 40 ana raba shi daidai wa daida, kashi 30 bisa yawan jama'a, faɗin ƙasa da yanayinta kashi 10 suka samu su biyun. Wannan goman ba ta biyan bambancin da ke tsakanin gina aji a fili da gina shi a inda sai tsohuwar Land Rover ce kaɗai ke iya kai yashi. Mu a nan damina tana fara mana da wuri, ta kuma daɗe ba ta ɗauke ba. Hanyar da aka gyara da rani, kafin watan tara ta koma jan taɓo. A ƙasa greda ta bi hanya sau ɗaya ta yi shekara biyu, mu kowace shekara ce.

'Yar Mbamnga:
Baba, ku kuna maganar hanya, mu ruwa ne a gabanmu. Duk wanda ke ƙetaren kogin Donga, Mbamnga da Warwar da ƙauyukansu, shekara da shekaru da kwale-kwale muke shigowa Gembu. Babur a ɗora shi a kwale-kwale, buhun masara a ɗora, mara lafiya a kwantar da shi a tsakiya. In ruwa ya cika da daddare sai haƙuri. Na taɓa raka matar yayana tana naƙuda, an ɗauko ta a kan gadon itace da aka ɗaura wa sanduna biyu, maza huɗu suna karɓa-karɓa a gangare, fitilar waya ce haskenmu. Muka iso bakin ruwa mai jirgi ya ce ba zai iya ba sai gari ya waye, kuma gaskiyarsa ce, ruwan yana gudu da itatuwa a cikinsa. A bakin kogin muka kwana. Allah ya sa ta sauka lafiya. Ba kowa ke samun haka ba.

To ina tambaya, gadar nan ta waye?

Ɗalibin Lauya:
Anti, Allah ya raya abin da aka samu. Lasisin kwale-kwale yana cikin aikin ƙaramar hukuma, a rubuce yake ƙarara. Ke nan rigar ruwa, ƙayyade yawan mutane, hana tsohon jirgi mai yoyo aiki, wannan ba sai an jira kowa ba. Gada a kan kogi kamar Donga kuwa ta fi ƙarfin aljihun ƙaramar hukuma, sai jiha ko tarayya.

'Yar Mbamnga:
To a fara da rigar ruwan mana. Ni ko ita aka ba mu na gode.

Manomin Warwar:
Wallahi Anti ta faɗi abin da ke raina.

Ɗan Gembu:
Amma ai Kotun Ƙoli ta yanke hukunci a kan kuɗin nan, ko?

Ɗalibin Lauya:
Ta yanke, ranar 11 ga Yulin 2024. Ta ce a riƙa tura wa ƙananan hukumomi kuɗinsu kai tsaye, kuma gwamna ba shi da ikon rushe zaɓaɓɓun shugabanni ya naɗa kantomomi. Sashe na 7 dama ya ce da zaɓe za a kafa majalisar ƙaramar hukuma. Sai dai aiwatarwa ta zo da jan ƙafa a faɗin ƙasar. Kuma hukuncin bai taɓa wani abu ba: hukumar zaɓe ta jiha ce har yanzu ke shirya zaɓen ciyaman da kansila. Wanda ya san ta inda kujerarsa ta fito, ko kuɗi ya shigo asusunsa kai tsaye ya san inda zai kai gaisuwa.

Malamar Firamare:
Ku yi haƙuri, ni ba na cikin masu murna da wannan hukunci gaba ɗaya, kuma zan faɗi dalili. Iyayenmu a aikin nan sun ba mu labarin 1991, lokacin da aka miƙa firamare kacokan ga ƙananan hukumomi. Malamai suka yi wata da watanni ba albashi, makarantu suka rufe da yajin aiki, sai a 1993 aka dawo da hukumar ilimin firamare ta ƙasa. Shi ya sa ƙungiyar malamai ta daɗe tana cewa a ba ƙananan hukumomi 'yanci, amma a cire albashinmu tun daga sama. Ni ina koyarwa a ƙauyen da babu banki, babu sabis sai ka hau tudu. In albashina ya koma hannun mutum ɗaya da zai iya cewa wannan watan akwai hidimar siyasa, ina zan sa kaina?

Yanzu ma ku dubi yadda makaranta ɗaya take da iyaye da yawa. Dokar ilimin bai-ɗaya ta 2004 ta sa tarayya na ware kuɗin gini, amma ba ta sakinsa sai jiha ta ajiye nata kason daidai da shi. SUBEB, hukumar ilimin bai-ɗaya ta jiha, ita ce ke ba da kwangilar aji. Sakataren ilimi na ƙaramar hukuma shi ke lura da mu. Albashi daga kason ƙaramar hukuma yake fita. Alli da gyaran benci kuwa iyayen yara ne. A makarantar da nake, da iska ta ɗauke kwanon aji biyu, mun rubuta takarda mun aika, muka jira har damina ta shigo. Ƙarshe iyaye ne suka sare itacen zaiti a gonakinsu suka yi rafta, aka yi karo-karo aka sayi kwano. Yara 'yan aji ɗaya suna zuwa da safe cikin sanyin nan ba takalmi, hannu a hammata, ba ka iya sa su riƙe fensir sai rana ta ɗaga.

Tsohon Akawu:
Malama, tsoronki yana kan hanya, na ga wancan zamanin da idona. Amma ki duba, a lokacin soja ne ke mulki, ba mai tambayar kowa. Ni abin da nake so shi ne kuɗin ya zo nan, a kuma manna takardar abin da ya shigo da abin da ya fita a allon sakateriya duk wata. Ɓarawon da ke unguwarku kin san gidansa, kin san surukansa, za ki haɗu da shi a wajen jana'iza. Wanda ke nesa fa?

Malamar Firamare:
Baba, na san gidansa, amma in na yi magana shi ne zai sa a tura ni ƙauyen da ya fi wannan nisa. Kusanci yana da nasa sharrin.

Mai Rigakafi:
Ni ma'aikacin lafiya ne a matakin farko, bari in ba ku namu. Allurar rigakafi tarayya ce ke sayowa. Jiha ta karɓa ta ajiye a ɗakin sanyi. Daga can a hau da ita dutse zuwa ɗakin sanyi na ƙaramar hukuma. Daga nan ni ne, da akwatin ƙanƙara a ɗaure a bayan babur. Akwai rugar da sai na ajiye babur na rataya akwatin a kafaɗa na gangara kwari na hau wani tudun. In na isa na buɗe, abu na farko da nake dubawa shi ne ɗan tambarin da ke jikin kwalba, in ya yi duhu zafi ya taɓa ta, ta lalace, sai a zubar. Duk kuɗin da aka kashe tun daga Abuja, a wannan tafiyar ta ƙarshe yake tsira ko ya salwanta, kuma ita ce ba ta da mai ita a kasafi. Man babur sau da yawa daga aljihuna ne.

An kawo tsarin tara lafiya matakin farko a ƙarƙashin hukuma ɗaya ta jiha, saboda a daina rarrabuwa. Dokar lafiya ta 2014 kuma ta ware aƙalla kashi 1 cikin ɗari na kuɗin shigar tarayya don asibitocin farko, ana nufin ko da asibiti ɗaya a kowace mazaɓa ya samu kuɗi kai tsaye. Niyya mai kyau ce. Amma mazaɓa a nan ba irin ta cikin gari ba ce. Mazaɓu 11 gare mu a ƙasar da ta haura murabba'in kilomita 4,000, duk tudu da kwari. Asibiti ɗaya a mazaɓar Mayo Ndaga ko Ndum Yaji, wani yini zai yi a ƙafa kafin ya gan shi. Babban asibiti na jiha ne, asibitin gwamnatin tarayya kuma yana Jalingo.

Ɗan Nguroje:
Duk wannan zagaye-zagaye ne. Maganin ɗaya ne, a raba Sardauna. Kujeru uku gare mu a majalisar jiha, Gembu, Nguroje da Mbamnga. Ƙidayar 2006 ta ba mu mutum sama da 220,000, yau Allah kaɗai ya san adadinmu, ga 'yan gudun hijira da suka shigo daga Kamaru tun da rikicin yankin masu Ingilishi ya ɓarke. In mun isa kujeru uku, me ya hana mu isa ƙananan hukumomi uku? Tunda kashi 40 daidai ake rabawa, uku sun fi ɗaya samu. Kuma mutumin ƙetaren kogi ya huta da zuwa Gembu don takardar shaidar zama ɗan ƙasa.

Ɗalibin Lauya:
Yaya, lissafinka daidai ne, hanyar ce mai wuya. Sashe na 8 ya ce sai wakilan yankin sun nema da rinjayen kashi biyu cikin uku, a yi ƙuri'ar raba gardama, majalisar jiha ta amince, sannan majalisar tarayya ta gyara jerin sunayen da ke cikin tsarin mulki. Tun 1996 ba a ƙara ko ɗaya a jerin nan ba. Legas ta gwada, ta ƙirƙiri 37, gwamnatin Obasanjo ta riƙe kuɗin ƙananan hukumominta, aka je Kotun Ƙoli a 2004. Kotu ta ce riƙe kuɗin ba daidai ba ne, amma sababbin ba su cika ba sai majalisar tarayya ta yi nata. Ƙarshe suka koma yankunan raya ƙasa. Abin da jiha ke iya yi da kanta ke nan, kamar yadda aka yi Yangtu a nan Taraba. Amma yankin raya ƙasa ba ya kawo sabon kaso daga Abuja.

Tsohon Akawu:
Kuma ka ƙara da wannan, ɗan Nguroje. Sabuwar ƙaramar hukuma tana zuwa da sabon ciyaman, mataimaki, sakatare, kansiloli, shugabannin sassa, motoci da ginin sakateriya. Na ga inda aka raba, ƙarin da aka samu ya ƙare a albashi. Ni da za a ji tawa, ofisoshin yanki za a buɗe a Nguroje da Mbamnga da Mayo Ndaga, a ajiye ma'aikaci mai ikon sa hannu, da greda ɗaya a kowane ɓangaren kogi.

Ɗan Nguroje:
Baba, da girmanka, an sha yi mana alkawarin ofishin yanki. Abin da ba ya cikin tsarin mulki, wanda ya ba ka yau shi zai karɓe gobe. Tun 1961 da aka yi ƙuri'ar raba gardama iyayenmu suka zaɓi Najeriya, aka kira yankin lardin Sardauna, muke bin hedikwata mai nisa. Mubi, Yola zamanin Gongola, yanzu Jalingo tun 1991. Kullum muna can ƙarshen layi.

Ɗan Arɗo:
Ni akwai abin da ban ji an taɓo ba, kuma shi ne ya fi ci mana rai, wato fili. Dokar filaye ta 1978 ta ba ƙaramar hukuma ikon ba da takardar mallaka ta gargajiya a karkara, har hekta 500 don noma, hekta 5,000 don kiwo. Gwamna kuma yana ba da tasa takardar. Jauro yana da tasa shaidar, arɗo yana da tasa. Sai ka tarar da tudu ɗaya, mutum uku kowa da takarda, kuma kowace da hatimi. Mahaifina ya biya kuɗin fili, yana biyan harajin shanu, ya kewaye da waya. Rana ɗaya wani ya zo da tasa takardar.

Manomin Warwar:
Ɗan'uwa, kai kana da takarda. Mu kakanninmu a kwarin nan aka binne su, ba su san takarda ba. Mun wayi gari waya ta zagaye tudu, an bar mana bakin rafi, yara sun yi yawa gona ba ta ƙaru ba. Saniya ta tsallako ta ci masara, ka rasa inda za ka kai ƙara. Jauro ya ce ya fi ƙarfinsa, ɗan sanda ya ce ba aikinsa ba ne, kotu kuma sai ka sayar da akuya kafin a kira shari'ar.

Shugaban Zaure:
Jama'a a yi hattara. Mun san abin da maganar fili ta jawo mana a tsaunin nan, mun binne mutane ta kowane ɓangare. Ba za a ambaci ƙabila a zauren nan ba. Ku ci gaba, amma a kan tsari.

Ɗan Arɗo:
Ranka ya daɗe, ba faɗa muke ba. Ni na yarda da shi, shi ma an cuce shi. Abin da nake cewa, da akwai rajista ɗaya ta filaye a Gembu, da taswira, wadda jiha da ƙaramar hukuma da masarauta duk suka sa wa hannu, kowa ya je ya duba kafin ya biya ko sisi, da rabin rigimar nan ba ta taso ba.

Manomin Warwar:
In za a rubuta har da gonakin gado da burtali da mashaya, na yarda. In masu takarda kaɗai za a rubuta, an sake binne mu.

Ɗan Arɗo:
Har da su. Burtalin ma ai mu ya fi amfana.

Baƙo daga Banyo:
Salamu alaikum maƙwabta. Ni ɗan Kamaru ne, ina shigowa kasuwar Dorofi, shi ya sa aka sa ni a zauren. A wajenmu akwai magajin gari da kansiloli ke zaɓa, akwai kuma sufurfe da gwamnati ke turowa daga sama, shi ke riƙe da sha'anin mulki da tsaro. Akwai asusun FEICOM da ke taimaka wa ƙananan hukumomi da kuɗin gini. A takarda an miƙa musu makaranta da asibiti da rijiya, amma kuɗin yana zuwa a makare, kuma hanyar Banyo da damina ku tambayi direbobinku. Dutsen ɗaya ne, wahalar ma kusan ɗaya ce. Abin da na ga ya fi a wajenmu shi ne ka san ofishin da za ka je, ko da ba za a yi maka ba.

Ɗan Gembu:
Mun gode, maƙwabci. Wuta fa? Tun muna yara muke jin madatsar Mambilla.

Ɗalibin Lauya:
Ta tarayya ce. Megawat 3,050 aka tsara, an sa hannu a kwangila da kamfanonin Sin a 2017, shari'a da wani kamfani a kotun sasanci ta Faris ta riƙe aikin shekaru. Ba ciyaman, ba gwamna a ciki. Amma gyaran tsarin mulki da dokar lantarki ta 2023 sun ba jihohi ikon samar da wuta da rarraba ta. Ƙaramar madatsar da ke ba kamfanin shayi na Kakara wuta ta nuna cewa rafukan nan suna iya haska gari ba sai an jira babbar ba. Wannan kukan Jalingo za a kai shi yanzu.

Mai Rigakafi:
Ko firjin rigakafi aka samar wa wuta tsayayya a kowace mazaɓa, an rage mini rabin tafiya.

Tsohon Akawu:
To ɗan Gembu, ka ji amsar tambayarka. Kwale-kwale, kasuwa, tasha, kwalbati da hanyar ƙauye, ka tsaya a kan kansilanka da ciyaman, kada ka yarda a ce maka na sama ne. Rufin aji da ma'aikacin asibiti, ka rubuta wa sakataren ilimi ko shugaban sashen lafiya, ka ba ɗan majalisar jiha kwafi, domin can ake yanke hukunci. Babbar hanya da madatsa, ɗan majalisar wakilai mai Sardauna da Kurmi da Gashaka, da sanatan Taraba ta Tsakiya. Kowace takarda a yi ta biyu, a buga muku hatimin karɓa a kan ɗaya ku riƙe. Baki ba ya zama shaida a ofis.

Ɗan Nguroje:
Ni dai ina nan a kan bakana, sai an raba. Amma zan sa hannu a takardar.

Malamar Firamare:
Ni ma zan sa, da sharaɗin a rubuta cewa albashin malamai a cire shi tun daga sama.

Tsohon Akawu:
Wannan a yi masa takarda daban, Malama. In aka cusa komai a guda ɗaya, kowane ofis zai ce ba shi aka rubuta wa ba.

Shugaban Zaure:
To a fara da guda biyu. Ta farko zuwa ga majalisar ƙaramar hukuma a kan mashigar Donga: rigar ruwa, iyakar lodi, da duba lafiyar jirage kafin ruwa ya cika. Ta biyu a nemi a riƙa manna kuɗin shiga da fita na wata-wata a allon sakateriya. Ɗalibin Lauya ya tsara, Baba ya duba. Muna buƙatar mutum ɗaya daga kowace mazaɓa da zai karɓi sa hannun jama'a ranar kasuwa. Gembu A da B, Nguroje, Mbamnga da Warwar sun samu. Saura Kabri, Kakara, Magu, Titong, Mayo Ndaga da Ndum Yaji.

Direban Hawa:
Ku ba ni ta Mayo Ndaga, ina da lodi can ranar Laraba in hanya ta bari.

'Yar Mbamnga:
A rubuta da Hausa da Fulatanci ma, ba Turanci kaɗai ba. Masu jirgin da matan da ke ƙetarewa su ji abin da za su dangwala wa hannu.